Ita Ce Ciwon Ko Ita Ce Maganin? Amsa Ga Wani Tela A Gusau

Wannan wasiƙa ta iso mini daga wani bawan Allah da ya roƙi a sakaya sunansa. Na taƙaita ta ba tare da na taɓa ma'anarta ba.

"Assalamu alaikum. Ni tela ne a Gusau, shekaruna 32, ina da mata da 'ya'ya biyu. Tun ina da shekara 19 nake shan tabar wiwi, kuma shekara bakwai ke nan kullum sai na sha, ko a watan azumi da zarar an sha ruwa. Shekara biyu da suka wuce, ana saura kwana biyu ƙaramar sallah, mun kwana uku muna ɗinki ba barcin kirki sai shayi, wani abokina ya kawo wani sabon ganye da ya ce ya fi wanda muka saba ƙarfi. Ina kan keke wajen ƙarfe biyun dare sai zuciyata ta fara dukan uku-uku, numfashi ya sarƙe, yatsuna da leɓuna suka mutu, na tabbata ajali ne har na yi kalmar shahada. A asibiti an yi mini gwajin zuciya da na jini, aka ce lafiyata ƙalau. Tun daga ranar abin yake dawo mini, wani lokaci sau uku a mako. Na daina tsayawa a tsakiyar sahu a masallacin Juma'a, na daina shiga kasuwa idan ta cika, ba na shiga motar haya. A gida an ce iska ce, an yi ruƙiyya, na sha rubutu. Idan na busa nakan ji sauƙi, amma wani lokaci ina cikin busawar abin yake tasowa. Sau biyu na daina, a kwana na uku tsoron ya ninka, barci ya gagara, na koma. Yanzu wani mai kemis yana ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi na barci. Ban taɓa gaya wa likita ina sha ba don tsoron tonon asiri, matata ma ba ta sani ba. Don Allah, ita ce ciwon ko ita ce maganin?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya ba ka lafiya. Abin da ka zayyana mini a shafi guda ya fi duk abin da likitocin da suka duba ka suka ji daga bakinka a shekara biyu, kuma da sun ji ko da rabinsa, da wahalar ba ta kai haka tsawo ba. Amsar tambayarka ita ce tabar ba maganinka ba ce. Ko da ba ita kaɗai ta haifi ciwon ba, a halin da kake ciki yanzu ita ce ke ciyar da shi, sannan ita ce ke dawowa ta lallashe shi na ɗan lokaci, shi ya sa ka rasa a wane ɓangare za ka ajiye ta. Matsaloli biyu ne suka sarƙe da juna a jikinka, ciwon firgita da kuma sabon da ƙwaƙwalwarka ta yi da tabar, kuma duk wanda ya ce zai warware ɗaya ya bar ɗaya, wahalar banza zai sha.

Tabbatar da sunan ciwo aikin likitan da ya gan ka ido da ido ne, amma alamomin da ka lissafa sun yi daidai da abin da likitocin ƙwaƙwalwa suke kira ciwon firgita. A cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wani ɗan sashe da ake kira amigdala, aikinsa kamar na ɗan sintirin unguwa ne: idan ya hango haɗari sai ya busa usur, jiki ya kwararo sinadarin adiranalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya ƙaru, gumi ya keto, duk don mutum ya samu ƙarfin gudu ko na kare kansa. Rahama ce wannan idan haɗarin na gaske ne. A ciwon firgita kuwa, ɗan sintirin yana busa usur ne alhali babu ɓarawo, mutum yana zaune a kan kekensa, ko yana tsaye a sahu, sai jikinsa ya shiga halin wanda zaki ya biyo. Abin yakan kai ƙololuwa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka da kansa, ko an yi wani abu ko ba a yi ba. Mutuwar yatsu da leɓɓa da ta fi ba ka tsoro tana da bayani mai sauƙi: idan mutum yana haki da sauri, iskar kabon da ke cikin jininsa takan ragu fiye da kima, daga nan sai jiri da tsikari da jin kamar gaɓoɓi sun mutu. Ba shanyewar jiki ba ce, kuma da numfashi ya daidaita suke wucewa.

Firgita guda ɗaya mutane da yawa sun taɓa yin ta a rayuwarsu ta wuce. Abin da ke mayar da ita ciwo shi ne maimaituwa ba zato, da kuma zaman zullumin dawowarta na wata guda ko fiye, har mutum ya fara sauya rayuwarsa don gudunta. Nan ne ka tsinci kanka. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya zabura. Tun daga daren nan kunnenka yana kan ƙirjinka, da zuciya ta ɗan motsa saboda ka hau bene ko ka sha shayi sai ka ce ga shi nan ya zo, wannan tunanin ya sake tayar da ɗan sintirin, zuciyar ta ƙara gudu, gudun ya gaskata maka tsoron. Tsakiyar sahu da kasuwa da motar haya abu guda ya haɗa su: wurare ne da kake ganin ba za ka iya fita da sauri ba idan abin ya taso.

Yanzu ka sake duba daren farko da kyau, domin a cikinsa kusan duk bayanin yake. Kwana uku ba barci, shayi mai kauri kofi bayan kofi, cikin da ya wuni da azumi, hankalin da ke kan kayan sallar mutane da ba a gama ba, sannan aka ɗora sabon ganye mai ƙarfi a kai. Sinadarin da ke sa maye a wiwi shi ne THC, wanda masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, suka tantance a 1964. Daga cikin abubuwan da aka tabbatar yana yi akwai ƙara bugun zuciya da kamar 20 zuwa 50 a minti guda, cikin 'yan mintuna bayan an zuƙa, kuma hakan yana iya ɗaukar sa'o'i. Wanda ya daɗe yana sha jikinsa kan saba da wannan zuwa wani mataki, amma idan aka ba shi abin da ya ninka wanda ya saba ƙarfi sai sabon ya kasa ɗauka. Akwai kuma wata ɗabi'a ta THC da masu sha ba su cika sani ba, wato yana da fuska biyu: kaɗan daga cikinsa yana iya kwantar da fargaba, mai yawa kuma yana tayar da ita. Matsalar ita ce mai naɗi a lungu ba shi da ma'auni. Naɗin yau da na jiya kamarsu ɗaya a ido, amma abin da ke ciki na iya bambanta nesa ba kusa ba, musamman yanzu da ake yawo da nau'o'i irin su Loud da Colorado, waɗanda wasunsu ma ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a masana'anta, masu ƙarfin da ya wuce na wiwin asali. Wannan ne ya sa wata rana ka busa ka ji sanyi, wata rana kana cikin busawa abin ya taso maka.

To sauƙin da kake ji fa, ƙarya ne? Ba ƙarya ba ne, kana jin sa da gaske, amma ya kamata ka san sauƙin mene ne. Allah ya halicci ƙwaƙwalwa da wasu 'yan ƙofofi a jikin ƙwayoyinta, masana suna kiran su CB1, kuma jiki da kansa yana ƙera makullan da ke buɗe su, ɗaya daga ciki shi ne sinadarin anandamid da aka gano a 1992. Wannan tsari yana cikin abubuwan da ke daidaita tsoro da barci da cin abinci, shi ne ke taimaka wa mutum ya huce bayan ya razana. THC makulli ne na waje da ya dace da waɗannan ƙofofi, sai dai yana buɗe su da ƙarfi kuma ya daɗe. Idan aka yi shekaru ana yin haka kullum, ƙwaƙwalwa takan kare kanta ta hanyar rage yawan ƙofofin. Sakamakon shi ne makullan jikinka na asali sun daina wadatarwa, hanyar da Allah ya ba ka ta hucewa ta yi rauni, kuma da zarar tabar ta fara barin jini sai ƙunci da zullumi da saurin fushi su taso. Ka busa, su kwanta, ka ce ta yi maka magani. A gaskiya yawancin abin da take kwantarwa a lokacin shi ne abin da rashinta ya tayar. Kamar mai ba da bashi ne da ke ranta maka da safe abin da za ka biya shi bashin jiya, kai kuma kana gode masa.

Akwai kuma wata ɓarna da ta fi wannan ɓoyuwa. Duk lokacin da firgita ta taso ka ruga ka kunna, sannan abin ya sauka, sai ƙwaƙwalwarka ta rubuta cewa tabar ce ta cece ka, alhali da ka zauna kawai da ya sauka da kansa a cikin mintunan nan. Shekara biyu ke nan tabar tana karɓar ladan aikin da ba ita ta yi ba, kai kuma ba ka taɓa samun damar ganin cewa jikinka yana iya fita daga firgita shi kaɗai ba. Wannan ganin da idonka kuwa shi ne ginshiƙin warkewa daga wannan ciwo.

Maganar kwana na uku ita ce na fi so ka riƙe. Ka san yadda dattijon da ya saba da goro yake a farkon azumi, kai na sarawa, jiki a mace, magana kaɗan ya hau faɗa, amma kafin a kai goma ga wata ya ware. Wiwi ma tana da irin nata gigin, kuma tun 2013 babban kundin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke amfani da shi ya amince da shi a matsayin lalura mai zaman kanta. Ga wanda ya saba sha kullum, alamomin kan fara ne cikin kwana ɗaya zuwa uku da dainawa, su yi tsanani a makon farko, yawancinsu su lafa cikin mako biyu. Sun haɗa da fargaba, rashin barci, fushi, rashin son abinci, gumi da dare, da mafarkai masu ban tsoro waɗanda mutum zai farka yana jin kamar da gaske aka yi. Rikicewar barci ita ce ke jan ƙafa, tana iya kai wata guda ko ta ɗan wuce. THC yana maƙalewa a kitsen jiki yana fita a hankali, shi ya sa fitsarin mai yawan sha kan nuna alamarsa har kusan wata bayan ya daina. Wani binciken hoton ƙwaƙwalwa da aka yi a Amurka aka wallafa a 2012 ya nuna cewa ƙofofin nan da suka ragu a masu sha kullum sun dawo yadda suke bayan kimanin mako huɗu da dainawa. Ka ga ke nan sau biyu kana shiga gulbi, ruwa ya kawo maka wuya a daidai inda ya fi zurfi, sai ka ɗauka haka yake har gaɓa, ka juyo. Abin da ka ji a kwana na uku ba shi ne hoton rayuwarka ba tare da tabar ba. Gigin wiwi yana da wuya, ga mai ciwon firgita ma ya fi wuya, amma shi kaɗai ba ya kisa, kuma yana da iyaka.

Za ka ji wasu a intanet suna cewa ai a ƙasashen Turawa likitoci na ba da wiwi don maganin fargaba. Mafi yawan wannan magana a kan wani sinadari ne daban da ke cikin ganyen, CBD, wanda ba ya sa maye, kuma ko shi ba ya cikin magungunan da aka tabbatar wa ciwon firgita. Ganyen da ake sayarwa don maye kuwa, don THC ake nomansa. Wani babban rahoto da cibiyar masana kimiyya ta Amurka ta fitar a 2017, bayan nazarin dubban bincike, ya sami hujja mai ƙarfi da ke danganta yawan shan wiwi da taɓin hankali mai sa jin muryoyi da zargin mutane, ya kuma sami alaƙa tsakanin sha a kai a kai da fargabar shiga jama'a. Kuma kada ka ɗauka kai kaɗai ne a wannan hali: binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 10.6 ne suka sha wiwi a Nijeriya cikin shekara guda. Likitan da za ka je wurinsa ya ga irinka ba adadi.

Ƙwayoyin mai kemis sun fi tayar mini da hankali a kan tabar ma. Ka duba kwalinsu ko bayan katin ka karanta sunan. Idan Valium ne ko Lexotan ko danginsu, to ana shirin gudun gara a faɗa gidan zago. Irin waɗannan suna kwantar da firgita da sauri, shi ya sa suke da daɗin kamawa, amma jiki yana sabawa da su cikin 'yan makonni, kuma saɓanin wiwi, yanke su farat ɗaya bayan an saba yana iya jawo farfaɗiya. Saboda haka idan ka riga ka yi makonni kana shansu kullum, kada ka watsar da su da kanka yau, kada kuma ka ƙara yawansu. Ka sa su a aljihu ka kai wa likita ya gani, shi zai tsara yadda za a janye su sannu a hankali. Haka hukuncin yake idan akwai tiramol ko wani abu da ba ka ambata mini ba.

Game da tsoron tonon asiri, likita ba ɗan Hisba ba ne, ba kuma jami'in NDLEA ba ne, ƙa'idar aikinsa ta ɗora masa riƙon sirrin majinyaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka je babban asibiti a nan Gusau, kamar Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ka nemi a haɗa ka da likitan ƙwaƙwalwa, in kuma hakan bai samu ba akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kusa da birnin Sakkwato. Kalmar asibitin ƙwaƙwalwa kada ta razana ka, da yawa daga masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, a duba su, su koma shagunansu. Idan bakinka zai yi nauyi, ka kwafe wannan wasiƙa da ka aiko mini ka miƙa masa ya karanta, ka ƙara da naɗi nawa kake sha a rana, da ko kana haɗawa da sigari, domin ita ma sigari tana da hannu a firgita kuma tana da nata gigin. Mai yiwuwa ya ƙara wasu gwaje-gwaje, kamar na ƙululun wuya wanda idan aikinsa ya yi yawa yakan kawo faɗuwar gaba da rawar hannu, da na ƙarancin jini, da na sukari. Idan waɗannan sun fito lafiya, ka yarda da sakamakon, ka daina yawon gwajin zuciya daga wannan asibiti zuwa wancan, domin shi ma yawon yana cikin abin da ke raya tsoron.

Ciwon firgita yana cikin lalurorin ƙwaƙwalwa da suka fi jin magani. Hanyoyi biyu aka fi tabbatarwa. Akwai magungunan da ake kira SSRI, irin su satiralin da fuluksetin, waɗanda ba sa sa maye, ana shan su kullum ba sai abin ya taso ba. Abubuwa biyu ya kamata ka sani kafin ka fara, domin rashin saninsu ne ke sa mutane su jefar da maganin: ba sa nuna amfaninsu sai bayan mako huɗu zuwa shida, kuma a mako na farko ko na biyu suna iya ɗan ƙara rawar jiki da fargaba, shi ya sa likita kan fara da kaɗan. Bayan an samu sauƙi ana ci gaba da sha na watanni, ba a yanke su kwatsam. Hanya ta biyu zama ne da ƙwararren masanin halayyar ɗan Adam, sau ɗaya a mako na wata uku ko makamancin haka, inda ake koya wa mutum ya daina fassara kowane motsin zuciya da mutuwa, har a sa shi ya yi gudu a tsaye ko ya yi haki da gangan don ya ji alamomin nan a wurin da yake da aminci, ya ga sun zo sun wuce ba abin da ya same shi.

Kafin ka samu wannan, ga abin da za ka iya fara yi. Idan abin ya taso kana kan keke, ka ɗage ƙafa daga feda, ka zauna inda kake, kada ka ruga waje. Ka shaƙi iska ta hanci a hankali kana ƙirga huɗu, ka fitar da ita a hankali kana ƙirga shida, ka kalli agogo ka lura da minti nawa ya ɗauka kafin ya fara sauka, ka rubuta a bayan littafin awon kwastomominka. Bayan wata guda wannan shafi zai zama hujjarka a kan tsoron. Masallaci kuma ka koma masa mataki mataki: wannan Juma'a a bakin sahu kusa da ƙofa, ta gaba mutum uku zuwa ciki, har ka kai tsakiya. Haka kasuwa, haka mota, ka fara da Keke Napep daga unguwa zuwa unguwa. Duk wurin da ka ƙaurace wa, tsoronsa girma yake yi.

Ita kuma tabar, ra'ayina shi ne a bar ta gaba ɗaya, ba a rage ta a zauna a kan ragin ba, domin mai ciwon firgita ba shi da wani adadi da za a ce masa wannan lafiya lau ne. Amma a yi da tsari. Ka fara ganin likita, ku sa rana tare, shi zai duba ko ka yanke a ranar ko ka yi 'yan makonni kana ragewa kafin ta zo. Tun daga yau dai ka rabu da nau'o'in nan masu ƙarfi, kuma ka daina kunnawa a lokacin da firgita ta taso. Kada ka sa ranar a goman ƙarshe na azumi ko jajibirin babbar sallah, lokacin da janareta ke kwana yana ruri a shago kuma kowa na tsaye a kanka yana jiran kayansa. Ka zaɓi bayan sallah, sa'ilin da aiki ya ja baya. A makonnin nan ka rage shayi mai kauri da goro, ka bar lemukan gwangwani masu ƙara kuzari, domin sinadarin kafeyin da ke cikinsu shi ma yana tayar da bugun zuciya, ka riƙa kwanciya a kan lokaci ko barcin bai zo ba, ka riƙa tafiyar ƙafa mai ɗan nisa bayan la'asar. Abokin da ya kawo sabon ganyen nan, da majalisar da kuke haɗuwa bayan isha'i, su ne jarrabawar da ta fi gigin kanta. Ba sai ka yi gaba da kowa ba, amma wata biyun farko ba za ka iya zama inda hayaƙin yake tashi ba.

Ba zan yi maka wa'azi kan hukuncin abin maye ba, ka san shi, kuma na ga alamar yana cikin abin da ke cin ranka. Abin da zan ce game da ruƙiyya da addu'a shi ne ba su yi karo da asibiti ba, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Ka riƙe azkar ɗinka, ka sha maganinka. Iyakar da zan ja ita ce kada ka yarda, kada kuma 'yan'uwa su yarda idan labari ya kai gare su, a kai ka gidan mari da sunan gyaran hali. Ba mu manta da Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Mai ciwon firgita da aka kulle a ɗaki, ciwonsa aka ƙara wa itace.

Akwai tambaya guda da ba ka taɓo ba, ni kuma ba zan tsallake ta ba tunda a Zamfara kake. Ka ce ba ka shiga motar haya. Idan akwai abin da ka taɓa gani a hanya, ko wani naka da 'yan bindiga suka ɗauka ko suka kashe, kuma abin yana dawo maka a mafarki ko ƙarar babura tana sa ka zabura, ka faɗa wa likita wannan ma, domin raunin da tashin hankali ke bari a zuciya yana kama da ciwon firgita, suna kuma iya haɗuwa a mutum ɗaya, amma kulawarsu ta ɗan bambanta. Sannan akwai alamomin da ba a jira ranar ganin likita a kansu: ciwon ƙirji mai nauyi da ya ƙi wucewa ko yake sauka zuwa hannu ko muƙamuƙi, sumewa, jin muryoyin da wasu ba sa ji, tabbacin cewa ana bibiyar ka ko ana ƙulla maka sharri, ko tunanin cewa gara mutuwa da wannan rayuwa. Ko ɗaya daga ciki ya zo, a ranar za ka tafi asibiti, ka kuma tafi da wani.

Saura maganar maiɗakinka. Kai ka san halinta, amma zan yi mamaki idan macen da ta yi shekaru tana wanke rigunanka ba ta taɓa jin warin ba. Sau da yawa irin wannan shirun na mutum biyu ne, kowa yana rufa wa ɗaya asiri. Shawarata ita ce ka gaya mata bayan ka ga likita kuma kun sa rana, don maganar ta zo mata tare da mafita. Kana bukatar ta sani saboda dalili na zahiri: a mako biyun farko za ka yi ta juyi a shimfiɗa, za ka ture abinci, za ka yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, kuma idan ba ta san dalili ba za ta ɗauka ita ce ta yi laifi ko aure kake nema. Ka faɗa mata kwana nawa ake sa ran abin zai ɗauka, ka roƙe ta ta riƙe maka ƙwayoyin asibiti tana ba ka a kan lokaci, kuma idan firgita ta taso cikin dare kada ta ruga tayar da maƙwabta, ta zauna kusa da kai ta riƙa ƙirga maka numfashi. Idan ka cika mako shida da dainawa ka sake rubuto mini, ka haɗo da abin da ka rubuta a bayan littafin awon nan.